Fuskar Fata

Kwana uku bayan Babbar Sallah 'yar ƙanena ta zo gaishe ni a Gusau. Kimiyyar sinadarai take karantawa a jami'a, ta kai matakin da ake ba ɗalibi aikin bincike na kansa. Muna zaune a tsakar gida, iska na kwaso mana warin fatun layya da wani maƙwabci ya tara ya barbaɗe da gishiri. Ita tana ta toshe hanci da gefen mayafi, ni kuwa ko a jikina. Can sai ta miƙo mini waya ta ce, "Baffa, dubi abin da ya hana ni barci wata uku."

Hoton ɗigon ruwa ne guda ɗaya, an ɗauke shi ta gefe, ya yi zaune a kan wani baƙin layi kamar an kife ƙoƙo. An ja layi biyu a gindinsa, an rubuta lamba. Ta ce abin da ɗigon ke zaune a kai tantani ne na roba, kaurinsa kamar na takarda, irin wanda ake tace ruwa da shi. Sun jiƙa shi da wani gishiri wanda shi kansa ruwa ne tsululu ba tare da an narka shi da komai ba, suna so su ga ko halin fuskar tantanin ya sauya. In ɗigon ya baje, fuskar ta zama mai son ruwa. In ya dunƙule ya tsaya, gudunsa take yi.

Na daɗe ina kallon hoton, sannan na ce mata kakan ubanta ya riga su, shi kuma da ɗan yatsa yake yi.

Kakana majemi ne a Ruwan Bore. Ba babbar majema ba ce irin ta birni, wuri ne a bayan gari kusa da wani kududdufi, da kwatarniya biyar ko shida an binne gindinsu a ƙasa, da tsohon turmi a kife, da igiyoyi tsakanin itatuwa. Ni ne jikan da ya fi zama wurinsa, ba don ina son aikin ba sai don yana ba ni ɗan abin sayen ƙuli. A shekarun 1970 ne, ina firamare. 'Yan ajinmu suna matsawa daga kusa da ni a kan benci, kuma ban ga laifinsu ba. Warin majema ba ya jin sabulu. Shi ya sa a tsofaffin biranen ƙasar Hausa da yawa, in akwai unguwar da ake kira Majema, za ka tarar asalinta a gefen gari take, kusa da ruwa, nesa da ƙofar fada. Sarki na hawa sirdin da aka lulluɓe da aikin majemi, malami na sa Alƙur'aninsa a gafakar da ta fito daga hannunsa, amma in aka zo maganar aure sai a fara 'yan kame-kame.

Fatar akuya in ta zo, ko ɗanya ko busasshiya, ruwa ake fara ba ta har ta saki jiki. Daga nan ta shiga ruwan toka, ta kwana biyu ko uku, har gashin ya yi laushin da in ka murza da yatsa zai biyo ka. A shimfiɗa ta a bayan turmi a kankare da kartaji, wuƙar nan mai ƙota biyu. Sai mataki na uku, wanda shi ne uban wari: a tsoma ta a ruwan kashin kaji ko na tattabara, wani lokaci da dakakken ganyen fataka. Fatar da ta fito daga toka a kumbure take, tana santsi kamar kifi. Wannan ruwan ne ke saukar da kumburin, ya cinye abin da ya rage a tsakanin zaruruwanta, ta dawo laushi kamar tsumma. Kaka yakan danna babban yatsa a kanta. In shatin yatsan ya zauna, ta yi. In ya taso ya ɓace, a mayar.

Bayan an wanke an sake kankare bayanta, sai bagaruwa, ko gabaruwa kamar yadda muke cewa a wajenmu. Mu yara muke tsinto 'ya'yanta da rani, mata su daka, a jiƙa garin. A cikin wannan ruwan fata ke daina zama nama. Sai da na girma na koyar da kimiyya a makarantar sakandare shekara da shekaru kafin na iya faɗin abin da ke faruwa a kwatarniyar da kalmomin littafi. Fata saƙa ce ta zaruruwan wani abu da ake kira kolajin, dogayen sarƙoƙi na ƙananan ƙwayoyi masu bin juna kamar 'ya'yan carbi. Irin wannan sarƙa ita masana ke kira polima, kuma robar da ke hoton 'yar ƙanena ma ita ce, sai dai ta masana'anta. Ɗacin nan mai ɗaure baki da ke cikin bagaruwa yana kutsawa tsakanin zaruruwan ya kama su, ya hana su manne wa juna in sun bushe, ya hana ƙwayoyin ruɓa cin su. Ɗanyar fata in ka sa ta a ruwan da zafinsa ya kai digiri 65 ko kusa da haka, take za ta tsuke ta murɗe. Wadda ta sha bagaruwa sai an kai wajen 80.

Kaka bai san digiri ba, kuma bai yi asarar komai ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Yana ɗaga fata ya juya ta wajen rana, ya karkata ta yadda haske zai bi ta kwance a kan fuskar, sai ya fara karanto maka tarihin akuyar. Nan kaska ta ci. Nan ta kutsa cikin ƙaya tana ƙarama. Wannan ta yi ƙazuwa ta warke. Wannan mai fiɗar gaggawa yake yi, ga inda bakin wuƙa ya kusa ɓullowa. A shekarar farin 1973 fatu sun yi yawa har sun rasa mai saye, amma yawancinsu ya ƙi su, ya ce dabbar da yunwa ta kashe fatarta ma da yunwa take zuwa, ba kauri ba maiƙo. In ya gama kallo sai ya naɗe fatar gida huɗu, fuskar a waje, ya matse ƙusurwar ya duba ko ta tsage. Sannan bayan ta bushe ta sha man gyaɗa, ya tsoma yatsa a ƙwarya ya ɗiga mata ruwa. Ɗigon da ya nutse nan take ya bar baƙin tabo, man bai isa ba. Wanda ya tsaya ƙyam yana ƙyalli har ka gaji da jira, man ya yi yawa, rini ba zai kama ba, baduku zai dawo da ita. Abin da yake so shi ne ɗigon ya zauna, ya ɗan yi tunani, sannan ya shige a hankali.

Sau ɗaya na yi masa wayo, na kuma sha kunya. Ya tafi kasuwar Mada ya bar mini fatu uku da ya ce in sa a tsohon ruwan bagaruwa, wanda aka riga aka yi aiki da shi ya yi sanyi, sai gobe a ƙara sabo. Ni kuma ana wasan langa a dandali, ina so in gama. Na zuba sabon gari mai yawa, ruwan ya yi kauri kamar kunu, na tsoma su. Washegari fatun sun yi kyau abin mamaki, launi ya hau, fuska sumul. Kaka ya dawo ya shafa ɗaya, bai ce komai ba. Ya ɗauko aska ya yanki ɗan ƙyalle daga wuya, inda fata ta fi kauri, ya miƙo mini bakin yankan. Sama ja-ja, ƙasa ja-ja, tsakiya kuwa wani farin zare ya ratsa kamar an sa alli.

"Kai, abokina," in ji shi, don haka yake kirana in zai yi mini tsiya, "wagga hwata ga baki ta sha, cikinta da yunwa. Ka rufe mata ƙohwa tun ba ta ci ba."

Ruwan da ya yi ƙarfi da wuri yana jeme waje ya toshe hanya, ciki ya zauna ɗanye. Irin wannan fatar ranar da ta bushe za ta yi tauri kamar faifai, ranar da ta jiƙe ta fara wari. Bai doke ni ba. Ya dai sa na yi kwana huɗu ina murza su a ruwa mai sauƙi har hannuna ya rine.

Wannan ilmin ba a Ruwan Bore aka ƙago shi ba, mu ƙaramin reshe ne na wata babbar bishiya. Ɗaruruwan shekaru jemammiyar fatar ƙasar Hausa tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma, ta Agadas da Gat da Gadamus zuwa Tarabulus da sauran biranen gaɓar teku, daga can ta shiga Turai. Da yake daga hannun Larabawan arewacin Afirka Turawa ke karɓarta, da yawa daga cikinta da sunan fatar Maroko aka san ta. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851, ya lissafa takalma da jemammun fatu da jajayen fatun da aka rina cikin kayan da birnin ke fitarwa har Tarabulus. Jan nan kuwa na karan dafi ne, wata irin dawa da ba don ci ake shuka ta ba, sai don jan da ke kuben ganyenta, a daka a haɗa da ruwan toka ko kanwa. Baƙi daga kuloko, wanda ake yi da kashin maƙera. Rawaya daga saiwa. Tsanwa, wadda ta fi kowanne wuya da tsada, da garin tagulla ake yinta da sinadari. A nan ma akwai abin lura: kalmar sinadari da yau muke kiran kowane irin haɗin kimiyya da ita, a da sunan abu guda ne, wani farin gishiri da maƙeran farfaru da masu rinin fata ke saye a kasuwa.

Abin da ƙasarmu ta fi bayarwa a wannan ciniki shi ne akuyar kanta. Jar akuyar da ake kira ta Sakkwato, Faransawa kuma suka kira ta ta Maraɗi, gidanta ke nan, daga Sakkwato zuwa Zamfara zuwa Gobir da Katsina ta yamma. Gashinta gajere ne, ramukan gashin ƙanana kuma a jere, saƙar fatar a tsuke, shi ya sa fuskarta ke fitowa da wani tsari mai kyau da ba sai an buga mata na ƙarya ba. Gusau, wadda Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a farkon ƙarni na 19, tana kan hanyar fataken da ke bi tsakanin Sakkwato da Kano da Zariya. Fatar da aka jeme a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi, wadda dukawan gida ba su cinye ba, a kan jaki take bin wannan hanya.

Har a Landan an shaida ta. Wajen shekarar 1900 masu kula da ɗakunan karatu a Ingila suka lura littattafan da aka yi wa bango da fatar masana'antunsu a ƙarni na 19 suna rugurgujewa, bangon na zama jan gari a hannu, alhali waɗanda suka girme su da shekara ɗari biyu suna nan garau. Aka kafa kwamiti, ya fitar da rahoto a 1901, ya ɗora laifin a kan gaggawar jima, da ruwan asid da ake sa wa fata, da hayaƙin fitilun gas. A wannan zamanin ne mashahuran masu ɗinkin littafi irin su Douglas Cockerell suka rungumi fatar da suke kira ta Neja, wato tamu, jimar bagaruwa da jan karan dafi, da tabon kaskarta da komai. Duk lokacin da na tuna da wannan sai in yi murmushi: a wani ɗakin karatu mai sanyi akwai littafin da ke sanye da aikin wani tsoho wanda a garinsu ba a son zama kusa da shi a wurin ɗaurin aure.

Jirgin ƙasa ne ya juya al'amarin. Dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Kaka yana saurayi a lokacin, kuma ya ce da ƙafa suka zo Gusau don su ga abin da idonsu. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC suka buɗe kantuna, gyaɗa da auduga ne manyan kayansu, amma suna sayen fata da ƙirgi. Sai dai ba jemammiya suka fi so ba. Busasshiyar ɗanya suke nema, a ɗaure ta dami-dami, a kai Ikko, a jeme ta a Ingila ko Amurka yadda masu yin safar hannu da takalma na can suke so. Gwamnatin mulkin mallaka ta sa malaman fata suna zagaya kasuwanni da mahauta, suna koya wa mahauta fiɗa ba tare da yanka fatar ba, suna hana shanya ta a ƙasa cikin rana, suna sa a ɗaure ta a firam a inuwa.

Gaskiya ɗaya ce, a kan shanya sun fi mu gaskiya. Fatar da aka baje a kan rairayi da tsakar rana waje ne ke bushewa, ciki ya dahu, sai an kai ta ruwa a gano ta lalace. Kaka da kansa ya yarda da wannan. Abin da bai taɓa haɗiyewa ba shi ne ranar da ya ga wani akawun kanti, yaro ƙarami da fensir a kunne, yana jefa fatu kashi uku, lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku, ba mai ce masa don me. A da majemi ne ke duban fata ya yanke mata hukunci, baduku ya yi gardama, a daidaita. Yanzu hukuncin ya koma bakin sikeli, kuma mafi kyawun fatun, waɗanda a da su ne abin alfaharin majema, su ne ke fara hawa jirgi tun ba a ga fuskarsu ba. Abin da kanti ya ƙi shi ke dawowa kwatarniya. To, wa zai yi suna da ragowa?

Can ƙasashen da fatun ke zuwa kuwa, an riga an sauya ruwan jima. Wani Bajamushe, Friedrich Knapp, ya nuna tun 1858 cewa gishirin ƙarfen kurom yana jeme fata, Augustus Schultz kuma ya yi rajistar hanyar yin haka a Amurka a 1884. Aikin da ke cin kwanaki ko makonni da ɓawon itace ya koma na yini guda, fatar kuma tana jure tafasasshen ruwa. Yau fiye da kashi 80 cikin 100 na fatar duniya da kurom ake jeme ta. Da masana'antun jima suka kafu a Kano, a Bompai da Sharaɗa da Challawa, wannan hanyar suka bi. Fata ta fito shuɗiya-shuɗiya a jiƙe, a loda ta zuwa Italiya ko Sifen, a can a yi mata aikin ƙarshe na fuska, wanda shi ne mai kuɗin. Ruwan da aka gama da shi kuma ya bi magudana ya nufi kogin Challawa. Ruwan majemar Kaka wari gare shi, ban musa ba, amma inda muke zubar da shi kabewa ce ke fitowa.

Sauran labarin gajere ne. Takalmin roba ya kori na fata. Jarka ta kori salka, robar tayar mota ta kori wasaki a bakin rijiya, leda ta kori burgami. Ƙirgin saniya ya gano cewa ya fi daraja a tukunya, ya zama ganda. Kaka ya rasu ba wanda ya gaje shi, ni ma da nake wannan surutu alli na zaɓa. Daga baya ɓarayin daji suka zo suka kwashe dabbobin da ake magana a kan fatarsu, har ta kai a watan Satumbar 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako ta hana safarar dabbobi. Rabona da kwana a Ruwan Bore an daɗe.

Na tambayi 'yar ƙanena wane irin gishiri ne wannan da yake ruwa. Ta yi mini bayani, na kuma bi na karanta. Gishirin miya sai zafi ya kai digiri 801 yake narkewa, saboda ƙwayoyinsa ƙanana ne masu kai ɗaya, suna jeruwa su kama juna kamar buhunan dalar gyaɗa. In aka haɗa gishiri da ƙwayoyi manya masu karkatacciyar siffa, sai jerin ya ƙi yiwuwa, kamar ka ce za ka yi dala da goruna da turame. Irin wannan ba ya daskarewa ko a zafin ɗaki. Paul Walden ne ya bayyana ɗaya daga cikin na farko a 1914, wanda ke narkewa a digiri 12. Abin da ya ja hankalin masana gare su shi ne kusan ba sa tashi su bi iska kamar fetur ko kananzir, kuma suna narkar da abubuwan da ruwa ya kasa. A 2002 wasu masu bincike a Jami'ar Alabama suka nuna cewa wani daga cikinsu na narkar da zaren da ke jikin auduga da itace. Ba a daɗe ba aka gwada su a kan gashi. Masu binciken fata a cibiyar Chennai ta Indiya, da wasu a Jami'ar Leicester ta Ingila da ke aiki da dangin waɗannan ruwaye, sun gwada su a matakan jima daban-daban, suna neman hanyar da za ta rage dattin da masana'anta ke zubarwa. Duniya ta zagaya ta dawo tana tambayar da Kaka ke yi kowace safiya: wane ruwa zan ba fatar nan, na wane ƙarfi, har zuwa yaushe?

Tantanin da ita take aiki a kansa ma ɗan'uwan fata ne ta wajen gini. Wajen 1960, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan suka yi tantanin da ƙasansa soso ne mai ramuka, samansa kuma wani siririn rufi ne matsattse, wanda shi ke hana gishiri wucewa ya bar ruwa. Sunan da suka ba rufin nan a harshensu ma'anarsa fata. Jikokin wannan tantani ne ke cikin dogayen bututun da masu ruwan leda da yawa ke tace ruwa da su, har a nan Gusau. Ciwonsu ɗaya ne: datti da yauƙi suna manne wa fuskar su toshe ta. Fuskar da ke son ruwa takan riƙe wani siririn lulluɓi na ruwa wanda ke hana datti samun wurin kamawa. Shi ya sa ake shafa mata narkakken gishirin nan, ko a ɗaure shi a jikinta, sannan a zo a duba ko ya zauna.

Dubawar ce ta fi burge ni. Awon kusurwar ɗigo tsohon ilmi ne, Thomas Young ya yi bayaninsa tun 1805: ƙasa da digiri 90 fuska na karɓar ruwa, sama da haka tana ture shi. Akwai na'urar da ke haska fuskar da hasken eksire, irin na hoton ƙashi, ta ƙirga ƙananan ƙwayoyin lantarkin da suka fallatso, daga nan ta faɗi ko akwai naitirojin ko fulorin ko sulfa a wurin. Kai Siegbahn na Jami'ar Uppsala ya sami kyautar Nobel a 1981 saboda ita. Zurfin da take gani bai wuce nanomita 10 ba, wato in ka raba kaurin silin gashi gida dubu, ka ɗauki ɗaya, to ko shi ya fi wannan kauri nesa ba kusa ba. Sai an zuƙe iskar cikinta ƙaf take aiki, kuma da yake wannan gishirin ba ya tashi, yana zama a bincike shi inda ruwan rijiya da tuni ya ɓace. Akwai wata mai allura da ke shafa fuskar tana zana tudu da kwarinta, babban yatsan Kaka ke nan aka ƙera da ƙarfe.

Na ce mata to in gishirin a baki kawai ya tsaya, ciki bai samu ba fa? Ta ce ai shi ya sa suke tsoma tantanin a ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, su karya shi kamar ƙuli, su duba bakin karayar da madubin lantarki. Na yi dariya har ta tsargu. Sai na ba ta labarin fatu uku da wasan langa.

Ba zan ce yatsa ya fi na'ura ba, wannan zancen tsofaffi ne masu jin haushin zamani. Kaka yana gane fata ta yi ko ba ta yi ba, amma ba ya iya aika wa wani majemi a Maraɗi da lambar da zai bi ya sami irin sakamakonsa, shi ya sa da ya tafi ya tafi da abinsa. Ita kuwa lambarta za ta iya zuwa ko'ina. Sai dai na ja mata kunne a kan abu ɗaya. Sabon ruwa duk da kirarinsa yake zuwa. An yi wa kurom kirari, ga Challawa nan. Ire-iren narkakken gishirin nan kuwa suna da tsada, kuma an gano wasunsu guba ne ga kifi da ƙananan halittun ruwa. Kafin a ce sun fi tsabta, a tambayi inda za a zubar da su. Bagaruwa kuma ba ta ƙare ba, tana nan tana zubar da 'ya'ya a bakin kowace fadama daga nan har Tsafe, masu bincike a cibiyar fata ta Samaru a Zariya sun daɗe suna aiki a kanta, majeman Ƙofar Wambai a Kano kuma har gobe da ita suke jima.

Da la'asar ta yi na shiga ɗaki na ɗauko gafakar da Kaka ya jeme fatarta da hannunsa, wani baduku abokinsa ya ɗinka, aka ba ni ranar da na yi sauka. Jan ya yi duhu ya koma kamar na goro, gefen da ke gogar kafaɗa ya yi ƙyalli. Na ciro Alƙur'anin na ajiye a kan tabarma mai tsabta, na shimfiɗa marfin gafakar a bayan faranti. Ta kawo ruwa a kofi. Na tsoma yatsa na ɗiga.

Ta durƙusa har kumatunta na kusa taɓa ƙasa, ta saita wayar ta gefe, ta ɗauka. Ɗigon ya zauna. Muka yi shiru muna kallonsa, yaran gida suka taru a kanmu suna tambayar me ya faɗi. Sai da aka ɗan jima sannan gefensa ya fara saki, ya shige a hankali, ya bar tabo kamar ƙwayar wake.

"Baffa, ka ba ni ɗan yanki in kai ɗakin bincike."

Na ce a'a. Ta ce ko kamar farce. Na sake cewa a'a, sannan na juya maratayin, na sami wani ɗan saura da baduku ya bari ta ciki bayan ɗinki, na aika a karɓo mini reza. Kafin in miƙa mata na kai bakin yankan wajen haske, na cire tabarau na goge na mayar. Launi ɗaya ne daga sama har ƙasa. Ta naɗe shi a takarda ta rubuta kwanan wata, ta tambaye ni me za ta sa a wurin sunan samfur. Na ce ta sa Ruwan Bore.